Ranar da Na Kira Matiron da Sunanta

Kafanchan, ranar Asabar, ƙarfe uku da minti ashirin na yamma.

Zuwa ga ɗiyata Rahila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kin isa Jere lafiya, kin sami ɗakin da suka yi miki alkawari, ruwan jiya kuma bai jiƙa katifarki a saman mota ba. Babanki yana gaishe ki, ƙannenki ma haka. Allah ya tsare ki a baƙon wuri, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa ki fara aikinki da hannu mai albarka.

Ina rubuta wannan a kan bencin da ke bayan ɗakin haihuwa, ƙarƙashin mangwaro. Kawunki Bulus zai bi ta Jere ranar Litinin da lodin citta, shi zai kawo miki. Na san akwai waya. Amma a waya zan tambaye ki ko kin ci abinci, ki ce kin ci, mu yi dariya, in kashe ban faɗi abin da ke raina ba.

Yau da ƙarfe sha ɗaya da minti arba'in na safe, matar da ta hana ni raka ki tasha jiya ta buɗe ido. Na ce ta matse mini yatsa, ta matse. Na ɗaga hannu, ta bi shi da ido hagu da dama. Sannan ta yi magana da Fulatanci, aka fassara mini cewa tana tambaya ina ɗanta. Tun ranar Alhamis ban ci abincin kirki ba, amma yau na cinye kwanon gwate har na nemi ƙari. Hankalina ya kwanta, Rahila. Shi ya sa na iya riƙe biro.

Ni da ke duk sababbin masu satifiket ne a wata ɗaya. Ke kin gama karatun ungozoma, ni kuma, bayan shekara ashirin da huɗu ina karɓar haihuwa, na gama kwas na kwana uku a kan abin da ake yi idan zuciyar mai ciki ta tsaya. Kin yi mini dariya da kika ga ina karatu a kicin da tabarau a kan hanci. Ban gaya miki cewa na faɗi gwajin farko ba. Ban kuma gaya miki dalili ba, don dalilin ya shafi yadda na rene ki. Zan fara daga can.

Kina da shekara tara. Zumuntar mata ta zo gidanmu, matar fastonmu na wancan lokaci ta zo da ƙaramin ɗanta. Ni na zuba kananzir a gorar ruwa na ajiye a bayan ƙofar kicin, wannan laifina ne na farko. Yaron ya yi kukan ƙishi, ita kuma tana cikin hira ta ɗauki gorar ta tsiyaya a kofi ba ta duba ba. Ke kika gani. Kika yi tsalle kika ce, "Ke, ajiye!" kika buge kofin ya zube a zaninta. Kowa ya gode miki. Da baƙi suka tafi, ni na ja kunnenki, na ce ko gida yana cin wuta ba a ce wa babba "ke", sai a durƙusa a ce Mama. Kin yi kuka. Daga ranar ban sake jin kin ɗaga murya a gaban wanda ya girme ki ba, ni kuma ina alfahari da haka. Mata a coci suna cewa ɗiyar Saratu akwai ladabi. Yanzu ladabin nan ne yake ba ni tsoro. Na yi kuskure a ranar, ke ce kika yi daidai. Ina roƙonki ki yafe mini, kuma in irin wannan ta sake tasowa, ki sake buge kofin.

Abu na biyu ban taɓa gaya wa kowa a gida ba, har babanki.

Shekara goma sha bakwai ke nan. Ina babbar nas a bakin aiki ranar, wajen ƙarfe ɗaya na rana. Akwai wata mata daga wajen Fadan Kagoma, cikinta na huɗu, ta daɗe tana naƙuda ta gaji. Akwai kuma wata ɗaliba da aka turo mana koyon aiki, sunanta Hannatu, shiru-shiru kamarki. Ta zo ta tsaya a gefen teburina har na gama rubutu, don ba ta so ta katse ni. Da na ɗaga kai ta ce a hankali, "Sista, ki yi haƙuri, kamar numfashin matar can ba daidai ba." Na leƙa daga inda nake zaune. Na ji wani ja na numfashi, ɗaya, sai shiru, sai wani. Na ce mata minshari ne, mace ta gaji, ta bar ta ta huta, kuma ta daina tsorata mutane. Ta ce to.

Ba minshari ba ne. A kwas ɗin nan ne aka nuna mana shi a majigi, aka ce haka mutum yake jan iska bayan zuciya ta riga ta tsaya, kuma duk wanda ya ji shi ya ɗauka ba numfashi. Ina zaune a layi na biyu, nan take na gane sautin. Shekara goma sha bakwai yana kunnena ban san sunansa ba.

Da na tashi daga baya na je gadon, na yi duk abin da hannuna ya saba. Na juya ta gefen hagu, don tun muna makaranta ake ce mana mai ciki ta kwanta a hagu. Na ɗauki ƙahon sauraro na fara neman bugun zuciyar jariri. Na aika a kira likita. Wata ta kawo ruwa ta yayyafa mata a fuska, wasu suka fara addu'a. Mu biyar ne a ɗakin, babu wadda ta sa hannu a ƙirjinta, don kowa tana jiran likita ya zo ya faɗi abin da za a yi. Ya iso bayan minti goma sha wani abu. Mun rasa uwa, mun rasa ɗa. Ban sani ba ko da mun danna za ta rayu, kuma ba zan taɓa sani ba. Abin da na sani shi ne Hannatu ta gani kafin ni, ta faɗa, na rufe mata baki.

To ki ji. In kin ga numfashin da bai yi miki ba, kada ki tsaya a gefen tebur kina jiran a gama rubutu. Je ki gadon. Ki girgiza kafaɗarta, ki kira ta da ƙarfi. In ba ta amsa ba, ki sa yatsu biyu a jijiyar wuya kina duban ƙirji, kada ki wuce daƙiƙa goma. In ba ki tabbata kin ji bugu ba, ki ɗauka babu, ki yi ihu a zo, ki fara dannawa. Kada ki nemi bugun jariri a lokacin. Na san hannun ungozoma can yake zuwa da kansa, nawa ma haka. Amma jinin da jaririn yake sha daga uwar yake zuwa, in kin tura nata kin tura nasa. In kuma wata rana kin zama babba, ƙaramar nas ta zo tana inda-inda, ki tashi ki je ki duba. In minshari ne, ba ki yi asarar komai ba sai taku goma.

Yanzu batun gwajin. Mu goma sha biyu aka koyar, an raba mu huɗu-huɗu. Ana shimfiɗa mutum-mutumin roba mai ciki a ƙasa, a ce ga mata ta faɗi, a zaɓi ɗaya ta jagoranci sauran. Ni aka zaɓa, kuma a rukunina akwai Matiron Asabe, shugabar ungozomomin ɗakinmu. Kin san ta, ita ta karɓi haihuwarki. Ita ta koya mini ɗinki da hannunta. Shekara ashirin da huɗu ban taɓa ce mata komai ba sai Mama. Ka'idar kuma ita ce mai jagora ta kira kowa da sunanta, ta ba ta aiki ɗaya, wadda aka kira ta maimaita abin da ta ji, in ta gama ta ce ta gama. Dalili kuwa a fili yake. A ɗakinmu kowa Sista ce, kowace babba Mama ce. In kin ce "Sista, kawo iska", mutum uku za su juya, ko kuma babu wadda za ta juya.

Na san amsoshin takarda duka, tambaya biyu kawai na kuskure. Amma da malamin ya danna agogo, na dubi Matiron, bakina ya yi nauyi. Na ji kaina ina cewa, Mama, don Allah in ba damuwa, ko wata za ta taimaka ta fara dannawa, wata kuma ta duba mana iska. Suka tsaya suna duban juna, kowace tana ba wa ɗaya girma. Malamin, likita ne da bai kai kawunki Bulus a shekaru ba, ya tsayar da agogo ya ce, "Sista Saratu, gaisuwarki ta yi kyau ƙwarai. Daƙiƙa hamsin ta ci. Wa ya taɓa ƙirjin matar nan?" Babu. Ya ce in dawo washegari.

Lokacin cin abinci na ɓuya a bayan zauren. Matiron ta biyo ni da kwanonta a hannu, ta zauna kusa da ni tana ci kamar ba abin da ya faru. Can ta ce, "Ke Saratu, sunan nan babana ya raɗa mini don a kira ni ne, ba don a ajiye a akwati ba. Gobe in kika sake ce mini Mama, zan kwanta kusa da robar nan mu mutu tare, ki ga yadda za ki yi da gawa biyu." Na yi dariya, hawaye kuma suna zuba. Da yamma a gida ina tuƙa tuwo ina cewa Asabe, danna, Asabe, danna, har babanki ya leƙo ya tambaya wace ce Asabe, kuma me ta yi mini. Washegari na ci gwajin.

Bayan kwas ɗin mun yi gyara kaɗan a ɗakinmu. Gadajenmu katifa ce mai laushi, in an danna mutum a kai sai ya nutse, dannawar ta tafi a banza. Muka sa kafinta ya yanko mana faffaɗan katako, muka rataye shi a bango. Muka fitar da jakar hura iska da allurar gaggawa daga kabad mai makulli, muka sa su a tire ɗaya da ba a kullewa. Ki duba wannan a ranarki ta farko a Jere. Ki tambaya ina katako, ina jakar iska, wa yake riƙe makulli. In an ce makullin yana aljihun Sista wance, ki tambaya in ta tafi cin abinci fa. Ki tambaya da ladabi, amma ki tambaya.

Sai ranar Alhamis, kwana goma sha tara bayan na karɓi satifiket.

Ba zan rubuta sunan matar ba. Bafulatana ce daga wata ruga, shekarunta kamar ashirin, cikin fari, wata takwas da 'yan kwanaki. An kawo ta da asuba da hawan jini, ta yi jijjiga sau biyu a hanya. An fara mata allurar magniziyam, wadda kin san ana maimaitawa duk awa huɗu, ana shirin yi mata aiki in ta daidaita. Kin kuma san abu uku da ake dubawa kafin a maimaita: a buga gwiwa a ga ko ƙafa ta harba, a ƙirga numfashi, a auna fitsari. Da ƙarfe goma na buga gwiwa, ta harba, amma kaɗan. Na ƙirga numfashi, goma sha huɗu a minti. Jakar fitsari na same ta kusan wayam. Na tambaya, aka ce kamar an zubar da safe, amma babu wanda ya rubuta nawa ne. Na ɗauka an zubar. Na yi allurar. Wannan shi ne kuskurena na baya-bayan nan, kwana biyu ke nan da shi, kuma na rubuta shi da hannuna a rahoto. "Kamar an zubar" ba awo ba ne. In ba ki ga lamba a takarda ba, ki riƙe allurar a hannu ki kira likita. Kada ki cike gurbi da zato don layin marasa lafiya ya yi tsawo.

Mahaifiyarta tana waje. Yarinyar 'yar farinta ce, kin kuma san al'adarsu, uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta nuna damuwa da ita a gaban mutane. Tun safe ba ta shigo ba, tana tsaye wajen taga kamar mai kallon kaji. Amma idonta yana ciki. Ƙarfe sha ɗaya saura minti tara ta zo bakin ƙofa, ta yi sallama, ta jira na amsa, sannan ta ce da 'yar Hausarta, "Malama, waccan ta jikin bango, barcinta ya yi nauyi." Gado biyu ne a jikin bango. Na ce wacce, ta ƙi faɗin suna, ta nuna da haɓa. Ban ga laifinta ba. Na ga kaina a jikinta.

Wannan karon na tashi. Leɓunanta sun yi duhu. Na girgiza ta, shiru. Na taɓa wuya, na ƙirga goma, ban ji komai ba, kuma gaskiya na ƙara wajen daƙiƙa biyar ina fatan zan ji, wanda bai kamata ba. Na duba agogon bango, sha ɗaya saura takwas, na rubuta a bayan hannuna. Mu huɗu ne a ɗakin, ni da Matiron da abokan aikinmu biyu, Jummai da Kande. Ban san daga ina muryar ta fito ba.

"Asabe, katako, ki hau ki danna ƙirji. Jummai, hannu biyu, ja cikin zuwa hagu, kada ki saki. Kande, jakar iska, biyu bayan talatin."

Matiron ta ce, "Ina dannawa." Mace mai shekara hamsin da takwas ta cire takalmi ta hau gado da gwiwa.

Ki lura da abin da Jummai ta yi, don a nan ungozoma take kuskure. Ba a juya matar gefe. A rigingine take kwanciya a kan abu mai tauri, don a gefe ba za ki iya danna ƙirji yadda ya kamata ba. Amma in ciki ya kai cibiya ko ya wuce, nauyinsa yana danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya. Shi ya sa mutum ɗaya ba ta da wani aiki sai kawar da cikin zuwa hagu da hannu. Mai dannawa kuma ta sa gindin tafi a tsakiyar ƙirji, ta nutsa kamar santimita biyar, sau ɗari zuwa ɗari da ashirin a minti, ta bar ƙirjin ya dawo kowane karo. Duk minti biyu a canza hannu, ko da ta ce ba ta gaji ba. Matiron ta ce ba ta gaji ba. Na ce, "Asabe, sauka, Kande ta hau." Ta sauka.

Ni na ba da adirenalin, mai zaburar da zuciya, da kalsiyam, maganin da ke karya ƙarfin magniziyam, ta jijiyar hannu. Na faɗi kowanne da ƙarfi, na rubuta lokaci. Na aika mai shara ta kira likita, ta ce ya zo da wuƙar tiyata, ta kuma ce a kawo na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki, wadda guda ɗaya ce a asibitin, tana ɗakin tiyata.

Likita ya shigo sha ɗaya saura biyar, yana haki. Sabo ne a wurinmu, bai yi kwas ɗin tare da mu ba. Ya duba, ya ce a ɗora ta a keken marasa lafiya a wuce tiyata yanzu. Daga ɗakinmu zuwa tiyata akwai baranda mai tsawo da matakala uku, babu mai iya danna ƙirji a kan keke yana tafiya. An koya mana cewa in minti huɗu ta cika zuciya ba ta dawo ba, a nan inda take ake buɗe ciki a ciro jariri, don a sauke wa uwar nauyi ko jininta zai zagaya. Na san wannan. Amma likita ne ya yi magana, ni kuma tun da na fara aiki ban taɓa ce wa likita a'a a gaban mutane ba. Har na ga Jummai ta fara sassauta hannu.

Na ce, "Likita, ba za mu motsa ta ba. Minti uku ke nan. In ta cika huɗu, a nan za ka yanka. Jummai, kada ki saki."

Ya dube ni. Ya dubi bayan hannuna da ya cika da lambobi, sai ya ce a ba shi safar hannu. Ya shafa magani a cikin, ya buɗe wuƙar. Lokacin duba bugu ya yi, na ce kowa ta ɗaga hannu, na sa yatsu a wuya. Na ji shi. Siriri, da sauri, amma yana nan. Na ce likita ya taɓa shi ma, don ban yarda da yatsuna ba. Ya ce akwai. Sha ɗaya saura uku.

Muka ci gaba da hura mata iska har ta fara ja da kanta. Na'urar lantarkin ta iso sha ɗaya da minti biyu, ba a yi amfani da ita ba. Da ta ɗan daidaita aka kai ta tiyata, aka ciro ɗa namiji sha ɗaya da minti ashirin da huɗu, kilo biyu da ɗigo uku. Bai yi kuka nan da nan ba, sai da aka hura masa iska. Ita kuwa ba ta farka ba ranar, ba ta farka ba jiya. Shi ya sa kika tafi tasha da babanki kawai. Na san kin ce ba komai. Ke kullum ba komai kike cewa.

Kada ki ɗauka ina ce miki ki zubar da ladabi. Da komai ya lafa na je ofishin likita na ba shi haƙuri a kan yadda na yi magana. Ya ce in bar wannan zancen, in je in sha ruwa, kuma in kawo masa littafin kwas ɗin ya duba. Na je wurin Matiron na ce, Mama, sannu da aiki. Ta ce yanzu kuma ta koma Mama, ɗazu ana ta jifanta da suna kamar 'yar aike, to in zo in shafa mata man zafi a kafaɗa tunda ni na karya ta. Na shafa. Ladabi yana da sauran awa ashirin da uku da minti hamsin da biyar a rana. Minti biyar ɗin nan kawai nake roƙo ki ware.

In bakinki ya yi nauyi, ga yadda na koya. Ki kira sunan mutum, ki faɗi abin da kika gani da lambarsa, ki faɗi abin da kike so a yi. Kada ki fara da ba da haƙuri. Kada ki ce "kamar" in kin ƙirga. In an yi miki tsawa, ki maimaita da murya ɗaya, hannunki kuma yana kan aiki. Za a iya ce miki mara kunya. Za ki iya rayuwa da wannan suna, ni na gwada rayuwa da nadama shekara goma sha bakwai, ba ta barin mutum ya yi barci. In kuma an kawo kwas ɗin kusa da ku, ki sa sunanki ko an ce na manya ne.

Mahaifiyar yarinyar har yanzu ba ta shiga ɗakin ba. Da aka gaya mata ta farka, ta juya baya ta gyara ɗaurin ƙwaryarta ta daɗe tana gyarawa. Sannan ta tambaye ni ko za a iya ba wa waccan nonon shanu ta sha. Na ce sai gobe, in likita ya yarda.

Ki gaida masu gidan da kika sauka. Ki riƙa cin abinci kafin ki shiga aiki, ki nemi coci tun wannan Lahadi, kada ki hau babur a babban titin nan in duhu ya yi. Ubangiji ya kiyaye ki, ya ba ki ido mai gani da hannu mai ƙarfi, ya buɗe bakinki a lokacin da ya kamata. Ya raba ki da ranar da za ki buƙaci abin da na rubuta, in kuma ta zo, ya tsaya kusa da ke.

Kin san ba na miƙa aiki ban faɗi abin da ya rage ba. Ga abin da ban sani ba har zuwa wannan awa.

Ban san tabbas abin da ya tsayar da zuciyarta ba. Ina zargin magniziyam ne ya taru don ƙodarta ba ta aiki sosai, amma ba mu da gwajin da zai nuna, na'urar lantarkin da ke nuna yadda zuciya take kuma ta iso bayan bugu ya dawo.

Ban san ko an zubar da jakar fitsarin nan da safe ba. Na tambayi mutum uku, amsa uku na samu. Ban san me kwamitin asibiti zai ce a kan allurar ƙarfe goma ba, za su zauna ranar Laraba.

Ban san ko minti biyar ɗin sun taɓa ƙwaƙwalwarta ba. Ta gane mijinta, ta san sunan rugarsu, amma ba ta tashi tsaye ba tukuna. Jaririn yana tsotso kaɗan-kaɗan. Nasa sai nan gaba za a gani.

Jummai ta samo mini lambar Hannatu, an ce tana aiki a wajen Akwanga. Lambar tana jakata tun jiya. Ban san me zan fara ce mata ba, ban san ko za ta tuna da ni ba.

In kin zo hutun Kirsimeti, zan shimfiɗa buhun masara a tsakar gida a madadin mutum-mutumin roba, ke za ki jagoranta, ni zan danna, kuma ba zan motsa ba sai kin kira ni da sunana. Ban san ko bakinki zai iya ba. Ban kuma san ko zan iya ji ban ɗaure fuska ba. In na ɗaure, ki maimaita.

Mamanki,
Saratu